Buhun Siminti Arba'in da Ɗaliban Aji Biyu a Aboabo: Nazarin Lamari

Makarantar da nake koyar da kimiyya tana unguwar Aboabo a Kumasi, kusa da rafin da ya ratsa unguwar, kuma saboda ambaliyar da akan sha fama da ita da damina, waɗanda suka gina ta sun ɗaga harsashi har dakalin ajujuwa ya kai mita 1 daga ƙasa. Da iyayen yara suka tara kuɗi domin a ɗora ɗakunan karatu guda biyu a sama, sai wata Litinin da safe aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta yi ta sawu tana sauke siminti a bakin ƙofa har buhu 40, kowanne kilo 50. Dole ne kowane buhu ya hau dakalin nan mai mita 1, sannan ya ƙara hawa mita 3 zuwa bene inda za a yi aiki da shi. Magini dattijo ne wanda kowa ke kira Baba, yana da leburori biyu da baro ɗaya da tsani, ga kuma hadari yana haɗowa kusan kowace la'asar, alhali siminti da ruwa ba sa ga maciji.

A daidai wannan mako nake koya wa ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare darasin ƙarfi da aiki da makamashi da sauƙaƙan na'urori, darasin da ke cikin manhajar da za su zana jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare a kanta. Kafin simintin ya iso na riga na yi musu ɗan gwaji, inda na tambaye su amfanin na'ura, kuma kusan dukkansu amsa ɗaya suka rubuta, cewa na'ura tana rage aiki. Ban ga laifinsu ba, domin haka kowa yake faɗa a gida da kasuwa. Sai dai a kimiyya amsar kuskure ce, kuma na daɗe da lura cewa maimaita gyaran a kan allo ba ya cire ta daga kan yaro. Shi ya sa na je na gaida Baba, na roƙe shi ya bar mu mu auna abin da yake yi kafin ya gama, da sharaɗin cewa babu ɗalibin da zai ɗauki buhu ko ya tsaya a ƙarƙashin kaya. Ya yi dariya ya ce: "Malam, ku auna duk abin da kuke so, amma kada awonku ya kai mu la'asar."

Matsala ta farko ta harshe ce. Littafinmu da Turanci yake, yaran kuma da Hausa suke tunani, wasu da Tiwi ko Dagbanli, kuma kalmar "nauyi" a Hausa tana ɗauke da abubuwa biyu da kimiyya ta raba. Akwai yawan abin da ke cikin buhu, wanda ake aunawa da kilogiram, kuma ba ya canzawa ko an kai buhun duniyar wata. Akwai kuma ƙarfin da duniya take jan buhun da shi zuwa ƙasa, wanda ake aunawa da niyuton, sunan da aka ɗauko daga Isaac Newton na Ingila. Duniya tana jan kowane kilogiram da ƙarfin niyuton 9.8, amma a aji mukan cike shi 10 domin sauƙin lissafi. Saboda haka buhu ɗaya na siminti niyuton 500 ne. Aiki kuwa, a ma'anar kimiyya, shi ne ƙarfi a ninka shi da tazarar da abu ya motsa ta fuskar da ƙarfin ke tura shi, kuma da jul ake auna shi. Ɗaga buhu ɗaya zuwa dakali jul 500 ne, daga dakali zuwa bene jul 1,500, jimla jul 2,000, kuma buhu 40 sun tashi jul 80,000. Wannan adadi muka rubuta da babban baƙi a saman allo, na ce musu duk hanyar da Baba zai bi, mu zuba ido mu ga ko akwai wadda za ta sauko da shi.

Kayan awonmu ba su da yawa. Mun aro ma'aunin rataye mai ƙugiya daga wani mai sayen tsoffin ƙarafa, irin wanda ke nuna kilo, sai mu ninka abin da ya nuna sau 10 mu sami niyuton. Mun sami tef ɗin awo daga wajen Baba, da katako biyu, ɗaya mita 2 ɗaya mita 4. A madadin buhu muka yi amfani da jarkar nan rawaya da ake kira galan Kufuor, muka zuba ruwa kaɗan a ciki, muka ɗaure ta a kan wani ɗan katako mai taya huɗu, muka daidaita har duka kayan suka cika kilo 10, wato niyuton 100. Ɗaga wannan kaya kai tsaye zuwa dakali jul 100 ne.

Da muka jingina gajeren katakon da dakali muka ja kayan a hankali, ma'auni ya tsaya wajen kilo 6, wato niyuton 60. Da muka sauya da dogon katako, sai ya sauko kilo 3 da rabi, wato niyuton 35. Nan take ajin ya ɗauki sowa, suna cewa ga shi nan, na'ura ta rage aiki, ashe amsarsu daidai ce. Ban yi musu gardama ba, na dai ce kowa ya ninka ƙarfin da tsawon katakon da aka bi. Niyuton 60 sau mita 2 ya ba da jul 120, niyuton 35 sau mita 4 ya ba da jul 140, alhali ɗagawa da hannu jul 100 ce kawai. Sai aka yi tsit. Katakon da ya fi daɗin ja shi ne ya fi cin aiki, kuma babu ko ɗaya daga cikin biyun da ya sauko ƙasa da jul 100. Abin da gangare yake yi shi ne musaya, yana karɓar ƙarin tafiya ya ba da ragin ƙarfi. Da a ce babu gogayya ko kaɗan, dogon katakon zai buƙaci niyuton 25 ne, domin tsawonsa ya ninka tsayin dakali sau huɗu, kuma 25 sau 4 ya dawo da mu jul 100 cif. Rarar jul 40 ɗin ta tafi ne wajen gogayyar tayoyi da katako da ta gindin tayoyin, ta zama zafi.

Wani yaro da ke zama a baya, wanda mahaifinsa makanike ne a Suame, ya nemi a cire tayoyin a ja jarkar a kan katako haka nan, kuma shawararsa ta fi tawa kyau. Ma'auni ya haura kilo 6 da rabi, wato jul 260 domin a yi aikin jul 100. Daga nan muka fitar da ingancin kowace hanya, wato aikin da aka amfana da shi a raba da aikin da aka zuba: kashi 83 cikin ɗari a gajeren katako, kashi 71 a dogo mai taya, kashi 38 a dogo marar taya. Da suka taɓa gindin jarkar ba su ji wani zafi ba, domin jul 160 bai kai ya ɗumama roba yadda hannu zai gane ba, sai na sa su murza tafukansu da ƙarfi na ɗan lokaci. Na gaya musu cewa James Joule, wanda aka sa wa jul sunansa, a shekarun 1840 ya rataya nauyi yana faɗowa yana juya filafilai a cikin ruwa, ya auna yadda ruwan ya ƙara ɗumi, kuma da haka ya nuna cewa aikin da ake ganin ya ɓace bai ɓace ba, zafi ya koma.

Baro ne ya fi saurin shiga kansu, wataƙila domin babu wanda bai taɓa tura shi ba. Liba ce, wato sandar da ke juyawa a kan madogara domin ɗaga kaya, mai taya a gaba: madogararta ita ce gindin taya, kaya a tsakiya, hannu a ƙarshe. Mun auna daga gindin taya zuwa mariƙi muka sami santimita 120. Idan tsakiyar buhu tana santimita 40 daga taya, niyuton 500 sau 40 a raba da 120 ya ba da kimanin niyuton 167, sulusin nauyin buhun, ban da nauyin baron kansa. Idan aka ja buhun baya zuwa santimita 60, hannu zai ɗauki niyuton 250. Muna cikin wannan lissafi sai ga Baba yana yi wa ƙaramin leburansa faɗa, yana cewa ya tura buhun gaba kan taya kada ya karya bayansa a banza. Bai taɓa jin sunan Arkimidis ba, masanin nan na Sirakusa da ya bayyana ƙa'idar liba fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, amma abin da ya faɗa shi ne ƙa'idar, ba ragi ba ƙari. A nan ma musayar tana nan: in hannu ya ɗaga mariƙi santimita 30, buhun santimita 10 kawai yake tashi.

Hawa bene shi ne inda gizo ke saƙa. Babu katakon da zai yi gangare mai sauƙi zuwa mita 3 a ɗan filin da muke da shi, domin in ana son karkata irin ta dogon katakonmu sai an sami mita 12, kuma tsakanin ginin da katanga ko mita 7 babu. Leburorin sun fara da ɗora buhu a ka suna hawa tsani, abin da ni dai ban iya kallo ba sai da fargaba. Baba yana da fuli ɗaya, wata ƙaramar taya mai kwari da igiya ke bi ta kanta, sai ya ɗaure ta a jikin gungumen da ya fito daga bene. Mun rataya bokiti mai kilo 10 muka ja, ma'auni ya nuna kilo 11. Ke nan fuli ɗaya da ke ɗaure a sama bai rage ƙarfi ba ko kaɗan, ya ma ƙara ɗan abu saboda gogayya. Amfaninsa shi ne juya fuskar ƙarfi, mutum ya ja ƙasa kaya su yi sama, har ya iya jingina nauyin jikinsa a kan igiya. Na tambaye su abin da zai faru idan ɗalibi mai kilo 40 ya rataya da igiyar yana son ɗaga buhu mai kilo 50. Sun ɗan yi gardama kafin wata yarinya ta ce buhun ba zai motsa ba, ɗalibin ne zai hau igiya, domin duk ƙarfin da zai iya ba igiyar bai wuce niyuton 400 na jikinsa ba.

Washegari yaron nan ɗan makanike ya zo da fuli na biyu daga garejin mahaifinsa. Muka ɗaure bakin igiya a gungume, ta sauko ta zagaye sabon fulin da ke maƙale da bokiti, ta koma sama ta bi ta tsohon, sannan ta sauko hannu. Yanzu igiya biyu ce ke riƙe da kaya, kowace tana ɗaukar rabi. Lissafi ya ce niyuton 50, ma'auni ya ce 60. Amma kafin bokitin ya kai bene, wato mita 3, sai da aka ja igiya mita 6, kuma wannan karon ban buɗe baki ba, su da kansu suka ninka 60 da 6 suka sami jul 360, suka kwatanta da jul 300 da ake bukata.

Akwai wurin da ni kaina sai da na gyara abin da na shirya faɗa. Na zo da niyyar tabbatar musu cewa babu na'urar da ke rage aiki, kuma game da buhun haka abin yake. Sai dai ɗaya daga cikin leburorin ya ce shi dai tun da aka koma jan igiya gajiyarsa ta ragu ƙwarai, kuma ba ƙarya yake yi ba. Da muka zauna muka duba, sai muka ga abin da muka manta: mai hawa tsani ba buhu kaɗai yake kai wa sama ba, har da jikinsa. Lebura mai kilo 65 da zai hau mita 3 sau 40 zai yi aikin jul 78,000 a kan jikinsa kawai, alhali simintin duka jul 60,000 yake bukata daga dakali zuwa bene. Wato fiye da rabin wahalar hawa tsani ta ɗaukar kai ce, ba ta ɗaukar kaya ba. Fuli bai rage aikin da ake yi a kan buhu ba, amma ya bar mai aikin a ƙasa, kuma wannan ragi ne na gaske wanda ya ninka asarar gogayya sau da yawa. Littafin da muke amfani da shi bai kawo wannan ba, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da muka samu a makon.

Muhawara mafi zafi ba a wurin ginin aka yi ta ba, a cikin aji aka yi. Na faɗa musu cewa wanda ya ɗauki kaya a ka yana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya da sauri iri ɗaya, a ma'anar kimiyya ba ya yin aiki a kan kayan, domin ƙarfin da kansa ke yi sama yake fuskanta, tafiyar kuwa gaba take yi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ranta a ɓace ta ce: "Malam, innata kaya take ɗauka a kasuwar Kejetia tun asuba har magariba, ta dawo ko wuya ba ta iya juyawa. Yanzu cewa za ka yi ba ta yi aiki ba?" Duk wanda ya san Kumasi ya san matan nan da ake kira kayaye, yawancinsu 'yan arewacin ƙasar, sunan ma daga kalmarmu ta "kaya" ya samo rabinsa, kuma ba ƙaramin rashin kunya ba ne a ce musu ba sa aiki. Na ce mata innarta tana aikin da ni ba zan iya ba, kuma laifin na kalma ne, domin masana sun ari kalmar da kowa ke amfani da ita sun ƙuntata ma'anarta. Lokacin da ake ɗora mata tasa mai kilo 30 daga ƙasa zuwa ka, mita ɗaya da rabi, an yi aikin jul 450 a kan tasar. Daga nan tasar ba ta ƙara hawa ba, don haka ba ta ƙara samun makamashi ba. Amma naman wuya da na baya ba kamar ginshiƙi suke ba, wanda zai riƙe kaya shekara bai ci komai ba. Zarurrukan nama suna ta ɗaurewa suna saki ba tsayawa muddin kayan na kai, kowane motsi yana cin makamashin abinci, kuma kusan dukkansa zafi yake zama, shi ne gumin da gajiyar. Na ce mata a jarrabawa ta rubuta cewa ba a yi aiki a kan kayan ba, ta kuma tabbata ta rubuta "a kan kayan", domin a nan gaskiyar take. Ba zan ce ta gamsu gaba ɗaya ba, amma ta rubuta.

Wannan ya kai mu ga wani lissafi da ya ba su dariya. Kilokalori ɗaya na abinci jul 4,184 ne, don haka jul 80,000 da ke saman allo kimanin kilokalori 19 ne kawai, abin da ya ɗan ɗara ƙaramin cokali ɗaya na sukari. Suka ce in haka ne me ya sa leburori ke cinye kwanon wake da shinkafa bayan kokon safe da ƙosai. Amsar ita ce jikin mutum ma na'ura ce mai asara: kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na makamashin da nama ya ƙona ne kawai ke zama aiki, ga ɗaukar jiki, ga tafiya da dawowa, ga zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa da ba sa hutawa. Batun saurin aiki kuwa ba mu daɗe a kansa ba. Buhu ɗaya ya kai bene cikin daƙiƙa 30 da fuli biyu, wato jul 1,500 a raba da 30, jul 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake kira wat 50.

Dokar da na kafa ta hana tsayawa a ƙarƙashin kaya ita ma ta sami hujjarta daga lissafin. Buhun da ke rataye a mita 3 yana ajiye da jul 1,500, kuma in igiya ta tsinke, wannan ajiya za ta koma makamashin motsi, ya iso ƙasa da gudun da ya kusa mita 8 a daƙiƙa, kimanin kilomita 28 a awa. Bayan sun ga wannan adadi ban ƙara korar kowa daga gindin igiya ba.

Abin da Baba ya zaɓa a ƙarshe bai bi lissafin inganci ba, kuma yana da dalilinsa. Wajen hawa dakali ya ɗauki dogon katako duk da cewa shi ya fi asara, domin a kan gajeren babu leburan da zai iya tura baro mai buhu ba tare da ya dawo kansa ba, ya kuma buga ƙananan katakai a gefe da gefe inda ƙafa ke takawa saboda santsi, wato gogayyar da muka kwana biyu muna zargi ita ya nema wa ƙafa. Wajen siminti ya yi amfani da fuli biyu, kuma buhu 40 suka hau kafin ruwan ranar Laraba. Amma da aka fara jan kwaɓaɓɓen siminti a bokiti sai ya cire na biyun, ya ce bokiti ba shi da nauyin da zai sa a ja igiya ninki biyu, kuma kwaɓi ba ya jiran mutum.

Bayan mako biyu na maimaita gwajin farko, na ƙara tambaya a kan gangare. Yawancinsu sun rubuta cewa na'ura tana rage ƙarfi ko ta juya fuskarsa, tazara kuma ta ƙaru, kuma lissafin ƙarfi sau tazara bai ba su wuya ba. Kaɗan sun koma kan tsohuwar amsarsu, kuma da na duba sai na ga akasarinsu waɗanda ba su riƙe ma'aunin da hannunsu ba ne, domin ma'auni ɗaya gare mu a aji mai cike. Inda suka fi tuntuɓe shi ne sauya kilogiram zuwa niyuton, wasu suna ninka kilo 50 da mita 3 su rubuta jul 150, kuskuren da nake zargin ma'aunin aronmu mai nuna kilo ya taimaka wajen dasa shi. Weji, wato abin da ake bugawa a tsaga itace, da sukuru ba mu taɓa su ba a wannan karon, domin aikin ginin bai kawo su ba. Yaron nan ɗan makanike ya ce mahaifinsa ya yarda ya ara mana jak ɗin mota mai murɗi a zango mai zuwa, kuma na riga na nemi shugaban makaranta ya saya mana ma'auni biyu masu nuna niyuton kafin lokacin.